Itatuwa Goma Sha Huɗu da Aka Ba Ni Amana

Mahaifina ɗan lambu ne, Allah ya jiƙansa da rahama. A bakin ɗaya daga cikin kududdufan da haƙar kuza ta bari a kudancin Jos yake noman rani: tumatir, kabeji, latas, karas. Tun ina aji uku na firamare nake binsa duk Asabar da Lahadi ina riƙe masa bakin tiyo. Akwai wata ɗabi'a tasa da ban gane kanta ba a lokacin. In ya ga fangali ya fara sauya launi, ba ya aika ni kasuwa sayen magani kamar yadda maƙwabtanmu suke yi. Sai ya tsuguna ya tumɓuke shuka guda, ya karkaɗe ƙasar, ya kai saiwar hancinsa. Ni kuwa ina tsaye ina jin zafin tumatirin da aka yi asara. Wata rana na tambaye shi, ya ce, "Ganye ɗan aike ne, yaro. Mai maganar yana ƙasa." Na ji da kunnena, amma maganar ba ta shige ni ba sai bayan shekara ashirin da wani abu, a wata gona mai nisan gaske da Jos.

Na yi karatun aikin gona a jami'a, na yi hidimar ƙasa, na koyar a wata sakandare shekara huɗu. A 2016 Allah ya sa na dace da gurbin ƙaro karatu na gwamnatin Japan. Na bar matata da 'yarmu mai wata bakwai a gidanmu, na sauka a Takamatsu, babban birnin Kagawa a tsibirin Shikoku, cikin watan Oktoba. Kuɗin da ake ba ɗalibi yana isar mutum ɗaya sarai, sai dai ni bakuna da yawa nake ciyarwa. Baba ya riga ya kwanta, hawan jini ya shanye masa ɓarin hagu. Ga ƙanne uku a makaranta, ga iyalina. Doka ta yarda ɗalibin waje ya yi aikin awa 28 a mako idan ya karɓi izini, don haka na shiga neman abin yi. Abokan karatuna suka watsu kantuna da gidajen abinci. Ni wani malaminmu ne ya haɗa ni da wani dattijo mai gonar itatuwa a Kinashi, tasha biyu daga Takamatsu a jirgin ƙasa.

Ranar farko na daɗe tsaye a bakin gonar. Kunyoyi ne a jere kamar na dankali, amma abin da ke kansu itatuwan fayin ne, bishiyar nan mai ganye kamar tsinken tsintsiya da muke gani a tsofaffin unguwannin Turawa a Jos. Mutanen Japan matsu suke ce mata. Wasu iya gwiwa, wasu iya ƙirji, kowanne da kututture mai kauri a murɗe kamar wanda iskar shekara ɗari ta tanƙwara. Kinashi da maƙwabciyarta Kokubunji su ke fitar da wajen kashi 80 cikin 100 na bonsai ɗin fayin a duk Japan, wato ƙananan itatuwan da ake renawa a kasko, kuma sana'ar ta kai shekara 200 a wurin. Yankin ba shi da yawan ruwan sama idan aka kwatanta da sauran ƙasar, ƙasarsa kuma rairayin dutse ce mai saurin tsanewa, abin da fayin yake so ke nan.

Da yawa suna zaton bonsai wani iri ne na wadan itace. Itace ne kamar kowane, hannun mutum ne yake riƙe da shi a cikin kasko ta hanyar datsa da ɗaurin waya. Sai dai a kasko kututture ba ya yin kauri, shi ya sa ake fara renonsa a ƙasa shekara goma, sha biyar, har fiye. Ana dasa shi a kan faifan dutse ko katako don saiwar ta bazu gefe-gefe maimakon ta nutse. Duk shekara biyu ko uku a tono shi, a datse saiwar, a mayar. A bar reshe guda ya yi ta tsawo yana ciyar da kututturen, in ya gama aikinsa a sare shi. Akwai itatuwan da mahaifin dattijon ya shuka, shi ya rena, ɗansa zai sayar.

Dattijon ya haura saba'in, ba mai yawan magana ba ne, kuma in ya yi, da karin harshen Sanuki, wato na mutanen Kagawa, yake yi, wanda ba shi aka koya mana a aji ba. Oyakata nake kiransa, kamar yadda masu koyon sana'a suke kiran maigidansu. Shekara ɗaya da rabi bai bari na taɓa almakashi ba. Aikina cire ciyawa, dakon yashi, jera dunƙulen taki mai kama da tunkuza, sai kuma cire tsohon ganye da hantsaki a Nuwamba har yatsu su ƙage don sanyi. Uwargidansa ta gane ba na cin naman alade tun ban faɗa ba sau biyu, sai ta riƙa dafa mini taliyar udon da romon kifi. Ita ce ta share mini wani lungu a rumfar kaya, ta shimfiɗa tabarma, ta ce nan ne wurin sallata.

A watan Maris na 2018, wajen ƙarfe goma na dare, yayana ya kira. Tsakaninmu da gida awa takwas ne, a Jos lokacin azahar ce. Ya ce, "Sai haƙuri, Baba lokaci ya yi." Kafin ƙarfe ɗaya na dare a wurina an kai shi makwancinsa. Ko da a daren na samu jirgi, sai na kwana a hanya na wuni. Na yi alwala na yi nafila, na zauna a kan tabarma har asuba ban zubar da hawaye ko ɗigo ba. Da gari ya waye na tafi gona, don lokacin tonon itatuwa ne kuma an saka ni a aikin ranar. Ban gaya wa Oyakata ba, ban gaya wa malamina ba. Na ce a raina kada in ɗora wa mutane nauyi. A waya kuma ni ne mai ba kowa haƙuri: Inna, ƙannena, matata. Kowa yana cewa wane akwai tawakkali. Ni ma na ɗauka tawakkalin ne.

A watan Yuni Oyakata ya shiga asibiti aikin gwiwa, ɗansa kuma yana aiki a wani gari, sai ƙarshen mako yake leƙowa. Kafin ya tafi ya kai ni layin ƙarshe na gonar, ya nuna mini baƙin fayin goma sha huɗu, irin da suke kira kuromatsu, masu shekara goma sha biyu. Uku suna sama kusa da gindin tudu, sha ɗaya suna gangare. Ya riga ya yanke musu sabon toho a ƙananan rassa, kamar yadda ake yi a wannan watan don su sake fitar da wani gajere. Ya ce, "Waɗannan naka ne har in dawo." Ban taɓa jin nauyin magana irin na ranar ba.

Sai ruwa ya zo. Wanda yake Japan a farkon Yuli na 2018 ba zai manta ba. Kwana da kwanaki sama ba ta ɗauke ba a yammacin ƙasar, mutum fiye da 200 suka rasu, mafi yawa a Hiroshima da Okayama da Ehime. Mu a Kagawa abin ya zo da sauƙi, amma da na je gona na tarar ruwa kwance tsakanin kunyoyin gangaren har ya taɓo wuyan itatuwan. Kwana huɗu ya yi kafin ya janye. Ruwan na ɗaukewa zafi ya sauka, irin wanda ko a Maiduguri za a yi maganarsa, ga gumi kamar an rufe mutum a tukunya. Ran 23 ga Yuli aka auna zafin digiri 41.1 a Kumagaya, wani gari kusa da Tokyo. Na duba itatuwana, kore shar, ko tsinke ɗaya bai sauya ba. Uwargida ta tambaye ni abin da za ta gaya wa maigida a asibiti, na ce ta ce masa komai lafiya lau.

Tsakiyar Agusta, gab da babbar salla, launin ya fara dusashewa. Ba ja ba ne tukuna, wani kore ne mai toka-toka kamar tufar da ta sha wanki. Sabon tohon da ya kamata ya fito da ƙarfi ya tsaya gajere, ɗorawa-ɗorawa. Na dubi rana, na ce ƙishi ne, na ƙara ban ruwa safe da yamma. Mako guda bakin ganye ya fara ƙonewa. Na tuna darasin aji cewa ganye mai ruwan ɗorawa alamar yunwa ce, na sayo takin zamani da kuɗina na barbaɗa a gindin kowanne. Abin ya ƙaru. Na shiga intanet ina kwatanta hotuna cikin dare, na ga cutar funfuna mai sa ganyen fayin ja, na ce ita ce. Na ɗauki famfon feshi na yi musu wanka da magani da tsakar rana, don lokacin ne kawai nake da sarari. Guguwar 4 ga Satumba ta wuce, na ce wataƙila gishirin teku ta kwaso. Kowane mako da sabon suna da sabon magani, kuma duk tsawon lokacin shebur yana jingine a rumfa.

Sai wani daga cikin ukun na sama ya yi ja gaba ɗaya, daga kai har ƙasa, cikin kwana goma sha. Nan cikina ya ɗuri ruwa. Duk wanda ya taɓa fayin a Japan ya san annobar da suke kira matsukui-mushi. Wata tsutsa ce da ba ta wuce milimita ɗaya ba, asalinta daga Arewacin Amurka, wani ƙwaro mai dogayen ƙahoni yake ɗauke da ita. Yana gaigayar ɓawon ƙananan rassa a farkon zafi, tsutsar ta shiga ta raunin, ta toshe hanyoyin ruwan itacen. An fara ganin mutuwar a Nagasaki a 1905, ba a tabbatar tsutsar ce ba sai 1971, kuma ta cinye dazuzzukan fayin masu yawa. Itacen da ta kama ba ya tashi. Na yanke hukunci cewa duka sha huɗun ta kama, kuma idan ban sare su ba za ta bi sauran gonar. Na wasa zarto. Allah ya taimake ni uwargida ta gan ni, ta ce in jira, jibi za a sallamo maigida.

Ya zo da sanda yana ɗingishi, aka ajiye masa akwatin roba a bakin layin ya zauna. Na fara ba da haƙuri, ya ɗaga mini hannu. Ya fi minti goma yana kallo bai ce uffan ba. Sannan ya fara tambaya, ɗaya bayan ɗaya, yana jiran amsa. Wane ganye ne ya fara sauyawa, na bana ko na bara? Daga baki ya fara ko daga gindi? Itace duka ko gefe guda? Wanne ya riga wanne? Rabin tambayoyin ban iya amsawa ba, don ban lura ba. Launi kawai na gani.

Muka fara da biyun sama da ba su yi ja ba. Ya sa na buɗe reshe na leƙa ciki. Ganyen da ya yi ɗorawa duk na can ciki ne kusa da kututture, na bakin reshe kore ne. Ya ce in ja. Na ja, ya biyo hannuna ba gardama. Ya ce wannan tsufa ne, ganyen shekara biyu zuwa uku ne yake sauka idan kaka ta gabato, ko an so ko ba a so. Sannan ya ciro farar takarda daga aljihu ya ce in tara a ƙarƙashin reshe in buga. Wasu ɗige-ɗige kamar ƙura suka zubo, na zuba ido sai na ga suna tafiya. Ya goga da babban yatsa, suka bar jan zane a takardar. Hadani ne, ƙwari 'yan mitsi-mitsi dangin gizo-gizo masu tsotse ruwan ganye a lokacin zafi da fari, su ne suke sa shi fari-fari kamar an barbaɗa gari. Maganin funfunar da na fesa bai dame su ba ko kaɗan.

Ya miƙo mini wani ƙaramin ƙarfe mai rami da guduma, ya ce in huda ɓawon kowane itace daidai faɗin farce, in cire ɗan faifan, mu dawo gobe. Washegari ramukan itatuwa goma sha uku sun yi ƙaro, wasu ya cika har yana gangarowa kamar zuma, wasu ɗan danshi kawai. Na jan nan na sama kuwa ramin a bushe yake ƙayau kamar an huda katakon ƙofa. Ya gyaɗa kai. Na ɗebi ɓarɓashin itacen na kai makaranta, na jiƙa a ruwa ya kwana, na duba a madubin ɗakin bincike. Ga su nan suna mutsu-mutsu. Shi kaɗai annobar ta kama. Muka sare shi aka kai inda ake niƙe irinsu, don kada ƙwaron da ya yi ƙwai a ciki ya fito a zafin baɗi ya ɗauki tsutsar zuwa wani.

Saura sha ɗayan gangare. Ya ce, "Ɗauko shebur."

Na tona gefen kunya, taku ɗaya daga kututturen. Saman ƙasar a bushe yake, shi ne abin da nake gani kullum nake ƙara ruwa. Tsawon tafin hannu biyu a ƙasa sai taɓo, mai sanyi, mai launin toka. Wari ya bugo ni irin na lambatu. Na jawo saiwa guda, baƙa wuluk, na murza da yatsa fatar ta saɓule ta bar zare. Ya sa aka kai ni gindin wani lafiyayyen itace a layin sama na tona. Can saiwar ja-ja ce mai fararen baki, farar funfuna ta lulluɓe ta kamar auduga, tana ƙamshin naman kaza. Ya ce wannan farar abokiyar fayin ce, ita take tayawa wajen jawo ruwa da abinci, kuma ba ta rayuwa inda iska ba ta shiga. Ya ce in shinshina duka biyun in riƙe a kaina. Na kai ruɓaɓɓiyar saiwar hancina, sai ga Baba tsugune a bakin fangali, hularsa a ture, yana karkaɗe ƙasa. Na yi sauri na juya baya kamar ina neman wani abu.

Ashe wannan gangaren tsohuwar gonar shinkafa ce, akwai daɓen laka a ƙarƙashi mai riƙe ruwa, kuma ambaliyar ta cushe bututun magudanar da yashi. Saiwar ta shaƙe tun kwana huɗun nan na Yuli. Itace marar saiwa ba ya iya shan ruwa ko yana tsaye a cikinsa, sai ya nuna alamar ƙishi, ni kuma na ƙara masa abin da yake kashe shi. Takin zamanin ya ƙone 'yar saiwar da ta rage, feshin tsakar rana ya ƙarasa ganyen. Na ce masa amma ai wata guda cur suka yi kore bayan ruwan. Ya ce fayin haka yake, ko sare shi ka yi ka jingine zai yi makonni yana kore. "Abin da ka gani a ganye yau, ba yau ya faru ba. Koma baya wata biyu, wata uku, ka tambayi me ya same shi."

Na ce a cire asarar daga albashina. Ya ƙi. Ya ce laifin magudana nasa ne, ya san halin wurin bai faɗa mini ba, laifin taki da feshi kuma nawa ne, kowa ya riƙe nasa. Aikin da ya ba ni shi ne in buɗe bututun, in haƙa rami a gefen layin ruwa ya samu hanya, in kwashe takin da hannu, in kafa ragar inuwa ta yamma. Bayan haka kada in yanke komai, kada in cire ko tsinke ɗaya mai sauran kore, kada in ba su komai. Ya nuna mini idon toho a bakin reshe. Na baƙin fayin fari ne kamar azurfa. In yana da tauri da ƙyalli akwai rai, in ya yanƙwane ya yi ruwan ƙasa, wannan reshen ya tafi. Ganyen da ya riga ya yi ja kuwa ba zai koma kore ba har abada, in daina kallonsa.

A wannan Oktobar ne ni ma na zube. Barci ya ƙaurace mini, sai in kwana ina kallon rufi. Abinci ya zama kamar ƙasa a bakina, wandunana suka yi mini yawa. Ina zama gaban kwamfuta awa uku ban rubuta layi ɗaya ba. Kaina yana sarawa, gaɓoɓina suna ciwo, ƙirjina kamar an ɗora dutse. Na ce zazzaɓin cizon sauro ne ya taso, na shanye maganin da na zo da shi daga gida, a ƙasar da ba a fama da wannan cutar. Bai yi ba, na ce taifot ne. Wani ya ce shawara ce, aka yi mini kwatancen jiƙo ta waya. Na fara ƙin ɗaukar kiran gida saboda ba ni da sauran ƙarfin cewa lafiya lau. Har salla sai da ta zama ina yi ne kamar ana jana.

Uwargidan Oyakata ce ta tare ni wata Asabar, ta ga na bar taliyar ban taɓa ba karo na uku. Ba ta tambaye ni ko ina so ba, ta kira ɗanta ya kai ni asibiti a mota. Aka ɗebi jini, aka yi hoton ƙirji, aka auna komai, ba a ga komai ba. Likitan, wata mace mai sanyin murya, ta ajiye takardun ta tambaye ni yaushe abin ya fara. Na ce wata guda. Ta ce kafin nan fa, a wannan shekarar, me ya faru da ni? Na buɗe baki in ce babu komai, sai na ji kaina ina cewa mahaifina ya rasu a Maris ban ga gawarsa ba. Kukan da ban yi ba wata bakwai a ofishin nan na yi shi, gaban matar da ban taɓa gani ba, ɗan maigidana yana jira a waje.

Ta ce ciwon damuwa ne, ta tura ni wurin likitan wannan fanni. Da farko na ji kunya ƙwarai. A inda na tashi, in aka ce namiji yana ganin likitan ƙwaƙwalwa an gama da shi, wasu kuma su ce raunin imani ne. Ina faɗa da babbar murya cewa ba haka ba ne. Na sha magani wata tara a ƙarƙashin kulawar likita, inshorar lafiya tana biyan kashi 70 ina biyan 30. Na gaya wa malamina gaskiya, aka ƙara mini wata shida a karatu. Na hau bas na je masallacin Kobe, wanda aka gina tun 1935, na samu wani malami na zayyana masa komai. Ya tuna mini cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Daren na kira Inna na ce, "Inna, ban da lafiya tun rasuwar Baba, ɓoye muku na yi." Ta yi shiru, sannan ta ce ta sani, tun ranar ta ji muryata ta yi santsi da yawa. Muka yi kuka tare, katin ya ƙare, na sake sakawa.

A cikin sha ɗayan, biyar ba su ga ƙarshen hunturu ba. Shida suka riƙe fararen idanunsu. A Maris na 2019 muka tono su, muka yanke ruɓaɓɓen, muka mayar da su kan kunya mai tudu da yashin dutse, muka zuba wa kowanne ɗan cokali na ƙasar gindin lafiyayyen itace mai farar funfunar nan. A lokacin ne ainihin cutar funfuna ta bayyana a tsohon ganyensu, ɗigo-ɗigo da zobe ja a tsakiyar tsinke, baki ya mutu gindi yana kore, waɗanda suka zube kuma da baƙaƙen ɗigo a jikinsu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan karon feshi ya dace. Muka share duk ganyen da ya zuba muka ƙone, muka yi feshin da sassafe lokacin da sabon ganye yake miƙewa, don shi ake karewa. Ranar Oyakata ya miƙo mini almakashi karo na farko.

Na dawo gida a ƙarshen 2019. Daga tasha ban wuce gida ba sai da yayana ya kai ni maƙabarta. A 2021 ɗan Oyakata ya turo mini hoton ɗaya daga cikin shidan a kasko, a kan benci, da tabon hudar da na yi masa har yanzu a ɓawon.

Yanzu ina koyarwa, kuma na karɓi wani gefe na lambun Baba. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, fayin ɗin Karibiyan yana yi a nan, shi na dasa guda talatin a kan fasassun tayil. Ganyensa uku-uku ne kuma dogo, ya fi na Japan wuyar sarrafawa, babu kuma wanda zan tambaya, ina koyo ne da kaina. Shekarar farko suka yi ɗorawa suka ƙi girma. Na tona, saiwar lafiya amma tsirara, babu farar funfuna ko kaɗan. Na je gindin wasu tsofaffin fayin na ɗebo ƙasa a buhu na zuba musu, kafin ƙarshen damina suka murmure.

Bana guda ɗaya a layi na biyu ya fara sauya launi ta gefen gabas, inda iskar hunturu take bugowa. Na buga reshe a kan takarda, babu abin da ya motsa. Na huda ɓawo, ƙaro ya fito. Na tona, saiwar tana ƙamshi, babu gwazarma, babu gara. Ƙanina ya ce mu fesa wani abu ko don a samu kwanciyar hankali, na ce a'a. Na ɗaura jan zare a reshen daidai inda launin ya tsaya, na rubuta kwanan wata a littafina, na buɗe shafukan wata uku da suka wuce ina duba abin da aka yi a wannan layin. Ranar Juma'a mai zuwa mako biyu ke nan, zan koma in ga ko ya haura zaren.